Zuwa Jeju Ya Fi Dawowa Tsawo

Mahaifina, Yang Dal-su, in ka tambaye shi shekarunsa sai ya tsaya yana lissafi da yatsu, wani lokaci ma ya ƙara wa kansa biyu. Lambar wayar gidanmu bai taɓa riƙe ta ba. Amma ka ce masa, "Baba, daga Osaka zuwa Jeju fa?" kafin ka rufe baki ya ba ka amsa: kilomita ɗari takwas da goma sha uku, awa ɗaya da minti hamsin a zuwa, awa ɗaya da rabi a dawowa, daga rufe ƙofar jirgi zuwa buɗe ta. In ka yi gangancin tambayar dalilin bambancin, to ka nemi kujera. Sai ka ji labarin iskar da ke busowa daga yamma, mai tare jirgi a ƙirji in za shi gida, mai tura shi ta baya in zai dawo. Ni na ji wannan bayani ya fi sau ɗari, kuma ban taɓa jin ya gajarta shi ba.

Shekara hamsin ya yi yana manna takalman mata a ƙasan benenmu da ke unguwar Ikuno a Osaka ta Japan. Ana kawo masa tafi da maɗauri a kwali, ya shafa gam, ya haɗa, ya danne, ya jera. Warin gam ɗin nan a ciki na girma, har shinkafarmu ɗanɗanonsa take yi. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya caca, ba ya zuwa ko'ina. In ka cire tafiyar nan ɗaya ta shekara, iyakar duniyarsa daga teburin aiki zuwa gidan wanka na bakin layi.

A wani ƙauye na gindin tsauni a tsibirin Jeju na Koriya aka haife shi. Yana da shekara takwas aka yi hunturun da aka ƙone ƙauyukan tudu, abin da tsofaffinmu har yau ba sa kiransa da suna, sai dai su ce "wancan lokacin". Mahaifiyarsa ta koma kangon gidansu ta tono geron da ta binne, ba ta dawo ba. Shi da gwaggonsa suka same ta bayan kwana biyu. Ba halin a kai ta makabartar dangi, sai suka rufe ta a gindin katangar wata gona, inda wasu ma suka rufe nasu a wannan makon, ba dutse ba alama. Yana da goma sha uku aka cusa shi a cikin kwale-kwalen masunta tare da mutum kusan talatin, kwana uku a zaune gwiwa a ƙirji, har suka sauka a gaɓar Japan ba takarda. Kafin takardunsa su daidaita ya iya komawa, shekara ashirin da takwas ta wuce.

Labarin tafiyarsa ta farko a jirgin sama Mama ce ta fi iya ba da shi, don ita ta yi masa guzuri. Curin shinkafa goma sha biyu ta ƙulla masa, da dafaffen ƙwai, da kimchi, wato haɗin kabeji mai yaji, a kwalba, da bargo. Su a tunaninsu, hanyar da ta ci kwana uku a ruwa ko a sama ne ai ta ci yini. Aka kawo masa abincin jirgi, ya ci rabi ya rufe rabi don anjima. Yana gyara zama ya fara tafiya ke nan, sai ya ji ana sanarwar sauka. Ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Malam, lafiya? Juyawa muka yi?" Mutumin ya nuna masa taga, ga tsaunin Halla na Jeju a zaune.

Ya ce bai yi kuka ba. Haushi ne ya kama shi. Shekara ashirin da takwas yana kallon wurin nan kamar bayan duniya, ashe tazarar ko baccin rana mai kyau ba ta kai ba. Ya duba agogo, ya juya guntun tikitinsa ya rubuta a baya: awa ɗaya da minti hamsin da biyu. Tun daga ranar bai taɓa hawa jirgi bai rubuta ba. Yana da gwangwanin biskit da yake tara su a ciki, na zuwa a ɗaure da roba ja, na dawowa da baƙa.

Kowace shekara ranar ɗaya ga watan takwas na lissafin wata yake zuwa, don a ranar ce mutanen Jeju ke yi wa kaburbura aski. Suna cewa in ka tsallake hidimar tunawa da mamaci bangon ɗakinka kaɗai ya sani, amma in ka bar kabari da ciyawa duk mai wucewa ya gani. Kwana uku kafin tafiya zai zauna a ƙofar shago yana wasa laujensa, ya naɗe shi a jarida. Akwai shekarar da ya manta ya sa shi a jakar hannu. Aka tsayar da shi wurin bincike, ya dage yana yi musu bayani da gaske cewa ai ba mutum zai yanka ba, ciyawa ce. Da ƙyar ya samu jirgin, shi a sama laujen a ƙasa cikin kaya.

Ban da lauje akwai wani abu da yake tafiya da shi. Duk shekara sai ya ajiye aikin kwangila ya yi takalmi ƙafa ɗaya da hannunsa tun daga yanka har ɗinki, na mace, ɗan ƙarami, lamba ashirin da biyu. Mama takan leƙo daga bene ta ce, "An fara yi wa budurwar Jeju nata? Ka gaishe ta, ka ce mata nawa ya tsinke tun bara." Shi kuma ya ce, "Ke ƙafarki ai sai an yi mata kwangila." Nan maganar take tsayawa. Ni ina ɗauka tsaraba ce ta wata tsohuwa a dangi, ban taɓa tambaya ba.

Abin da na tambaya shi ne ya tafi da ni. Na tambaya ina da shekara ashirin, na sake ina da talatin da biyar, na sake bayan na rabu da mijina na buɗe rumfar kimchi a kasuwa.

"Aikin maza ne, Mi-ok," in ji shi.

"Baba, mazan suna ina? Ni kaɗai ka haifa."

"Za ki haifo."

Na haifo mata biyu. Su ma da suka tashi suka haifo mata, kamar da gayya. Shi dai yana nan yana jiran namijin da zai nuna wa kabarin uwarsa. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Hannun da ke yanka kabeji ɗari a yini wai shi ne ba zai iya riƙe lauje ba.

Sau talatin da takwas ya je bai fasa ba. Sai annoba ta zo aka dakatar da jirage, shekara uku ba hanya. A cikin shekarun nan Mama ta rasu, gam ɗin da ya shaƙa shekara hamsin kuma ya taso masa. Huhunsa ya ƙi aiki, aka rataya masa ɗan injin iska mai roba a hanci. Ya rufe shago. Amma ranar ɗaya ga watan takwas sai in same shi a ƙofa yana wasa lauje, ya naɗe shi a jarida, ya mayar.

Da damina ta ja baya a shekara ta huɗu, sai ga waya daga Baffa Chang-bo, ɗan wan mahaifinsa da ke can ƙauyen. Kunnen Baffa ya yi nauyi, shi ya sa yake ɗauka kowa ma haka ne. Ina kicin ina jin komai.

"Dal-su! Kana raye?"

"Da na mutu ai da ka ji. Kunnenka ba ya kuskuren labarin abincin makoki."

"Bar wasa. An sayar da gonar. Wanda ya saya zai kafa rumfunan lemo. Ya kafa allo a bakin hanya, wai duk kabarin da aka bari ba aski har bikin kaka ya wuce, za a ɗauka ba shi da kowa. Za a tone a kai inda ake tara marasa dangi."

Baba ya ce, "Yaya, ka je mana."

"Da wane ido? Kuma wanne daga ciki? Bakwai ne a jere, ciyawa ta shanye su duka. Shekara arba'in kana sauke ni a bakin hanya kana shiga kai kaɗai kamar ɓarawo, yau ka ce in je?"

Gaskiyar Baffa ce. Da tsoro ne ya hana Baba nuna wa kowa wurin, don a da ko a ce kana da mamaci na wancan lokacin abin ɓoyewa ne. Da tsoron ya wuce sai ya zama ɗabi'a. A duk duniya mutum ɗaya ne ya san inda kakata take kwance, kuma mutumin ba ya iya hawa benenmu sai ya huta sau biyu. Saura kwana ashirin da uku bikin kaka.

Likitarsa wata 'yar siririya ce, sa'ar babbar 'yata. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce iskar cikin jirgi ba kamar ta ƙasa ba ce, ta fi sirantaka. Da injin nan huhunsa zai iya ɗaukar awa biyu, fiye da haka ba za ta sa hannu ba. An dawo da jirgin da ke zuwa kai tsaye, ta sani, amma jirgi ba agogo ba ne, iska na iya riƙe shi a sama.

"Awa ɗaya da minti hamsin ne," in ji Baba.

"A takarda ke nan, Kaka."

Ashe ya zo da shirinsa. Ya jawo gwangwanin biskit daga leda, ya cire robar ja, ya zazzage guntayen tikiti talatin da takwas a kan teburin likita. Na ji kamar in nutse don kunya. Ya shiga jera su, na safe a dama, na yamma a hagu, yana haki tsakanin kalmomi. "Duba nan, 'yata. Na safe ashirin da tara ne. Ba wanda ya wuce awa ɗaya da hamsin da shida. Waɗanda suka haura awa biyu guda biyu ne, duka na yamma, ɗaya ma guguwa ce ta biyo mu. Ni ba takardarsu nake gaya miki ba, tawa ce."

Na zaci za ta yi murmushi ta sallame mu. Sai ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa, har waɗanda rubutunsu ya koɗe, na shekarun da ba a haife ta ba. Ta daɗe. Daga nan ta jawo takarda ta ce jirgin safe, kuma dole wani ya bi shi ya riƙe injin da batir na biyu.

Baba ya dube ni ta gefen ido. "To, Mi-ok ta riƙe injin," ya ce. "Injin kawai."

Haka na samu zuwa Jeju ina da shekara hamsin da biyar, a matsayin 'yar dako.

Tafiyar ba ta da labari, kuma na gode da hakan. Ana rufe ƙofa ya duba agogo. Shi idonsa a kan agogo, ni nawa a kan leɓensa ina duban ko zai canza launi. Muka bi ta kan teku, aka ba mu ruwa, wata jaririya ta yi kuka ta gaji. Can ya zungure ni da gwiwar hannu ya nuna taga, na ga tsaunin da hular gajimare. Da aka buɗe ƙofa ya rubuta awa ɗaya da hamsin da uku, yana mita wai sun ci masa minti uku.

Washegari da hantsi tasi ta sauke mu a bakin gonar, mu uku da Baffa. Tun a mota tsofaffin nan ke yi wa juna tsiya.

"Ka zama kamar akuya da igiya a hanci," in ji Baffa.

"Kai kuma wa kake kallo? Ina nan hagunka, wannan direba ne."

Akwai babbar bishiya a bakin hanya, allon mai gonar a jikinta. Daga gindinta katangar baƙin dutse ta miƙe ta yi sama wajen tudu. An riga an nome gefen dama an share, ƙasa a buɗe, amma tsirin da ke bin katangar an bar shi yadda yake, ƙaya da yaɗo sun kai ƙirjin mutum. Baba ya warware laujensa, ya ce in biyo shi da injin. Ya fara tafiya. Ban san dalili ba na samu kaina ina ƙirga masa. A taku na arba'in da ɗaya ya dafa wani dutse ya zauna. In ka waiwaya bishiyar tana nan kusa, jifa ɗaya.

Muka jira numfashinsa ya dawo. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Injin yana ta ƙara a kafaɗata. Kilomita ɗari takwas da goma sha uku ya ci su a zaune, ga abin da ya rage ƙasa da tafiyar zuwa gidan wanka, ya gagara. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa, na juya ina kallon tudu.

Baffa ya lalubo ya zauna kusa da shi. "Dal-su," ya ce, wannan karon a hankali, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Baba ya daɗe yana kallon laujen. Sannan ya juya shi, ya miƙo mini ta wajen ƙota. "Ajiye injin nan kusa da ni. Ki bi katanga, tana hannunki na hagu. Daga bishiya taku ɗari shida da ashirin."

Na koma gindin bishiya na fara. Ina tafe a gefen noman ina ƙirgawa, ina ganin tudun kaburbura a cikin ciyawa nan da can, duk kamarsu ɗaya. Na wuce na farko, na wuce na huɗu, na wuce na bakwai. A taku na ɗari huɗu da tamanin katangar ta ƙare, sai ga ni a bakin kwazazzabo. Na dawo na sake, ko na yi tsallake. Ɗari huɗu da saba'in da shida. Rana ta fara zafi, raina ya fara ɓaci.

"Baba, lissafinka ya ruɗe. Gonar ma ba ta kai haka ba."

Ka ce masa ɓarawo ya fi masa sauƙi. "Ni? Lissafina? Ke dai ba ki iya ƙirga ba, kin saba da kabeji."

"Sau biyu na yi. Yaushe ka ƙirga?"

"Ranar da muka rufe ta. Gwaggo ta ce in ƙirga daga nan zuwa bishiya, kada in manta. Ban manta ba."

"Tun daga ranar ba ka sake ba?"

"In sake don me? Ƙafata ta san hanya."

Sai a lokacin na gane. Takun ɗan shekara takwas ne ya riƙe mini shekara saba'in da huɗu, yaron da ya kwana biyu bai ci ba, a cikin ƙanƙara. To yaya tsawon takun irin wannan yaro yake? Ina wannan tunani idona ya sauka a kan ƙasar da aka nome. Ga sawun Baba nan daga bishiya zuwa dutsen da yake zaune, arba'in da ɗaya, dunduniyar wannan kusan tana taɓa yatsun wancan.

Na koma bishiya na sa ƙafata a sawunsa, ɗaya bayan ɗaya, har jikina ya ɗauki awon. Na zo na wuce su suna kallona. Baffa ya ce, "Me take yi? Rawa?" Na ci gaba da wannan ɗan takun, ina ƙirgawa a fili kamar 'yar makaranta. Sannu ba ta hana zuwa, amma na daɗe. A ɗari shida da goma sha huɗu na tsaya daidai da tudu na biyar, na shida kuma yana gaba kaɗan.

Na shiga na biyar da lauje. Ƙaya ta kama mini riga, ta tsaga mini hannu. Da na yaye yaɗon na tarar da 'yar katangar dutse da Baba ya kewaye tudun da ita, ba ta kai gwiwa ba. Na tura hannu in janye wata saiwa daga tsakanin duwatsu, sai na ji abu mai laushi. Na jawo. Takalmi ne, lamba ashirin da biyu, maɗaurin ya cinye saura tafin. Na duba rami na gaba, akwai wani. Na gaba ma haka. Duk kewayen katangar, a kowane saƙo, takalma ne a cuse, wasu sun zama ƙasa, wasu da sauran launi. Na gane mai jan maɗauri, na shekarar da aka yi aurena. Mama ce ta zaɓi jan, ina tsaye a wurin. Sai a lokacin na tuna ashe duk shekara ita ke zaɓar masa launi.

Na zauna a kan dutse na yi kuka mai isata, ba mai ganina. Sannan na ɗauki ƙafa ɗaya na koma wurinsu, na ɗora masa a cinya.

Ya juya shi yana duban ɗinkin. "Wannan gam ɗin bai da kyau," ya ce. Can kuma ya ce, "Ba takalmi a ƙafarta ranar. Wani ya riga mu ya cire." Ya buɗe jakarsa ya fito da ƙulli huɗu a jarida, na shekara ukun da bai zo ba da na bana, da gasasshen kifi, da 'yar kwalbar giya. "Ki fara da kan, ki sauko. Kada ki taka mata sama."

Askin ya ci mini awa biyu da rabi, ya fi tafiyar jirgin. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Bai yi kyau ba, ni ma na sani, wani wuri ƙwal wani wuri tsiri. Amma duk wanda ya biyo katangar nan zai ga kabari ne mai mutane. Na cusa takalman huɗu a inda na samu wuri, na ajiye kifin, na zuba giyar, na durƙusa na kai goshi ƙasa sau biyu. Ban san me ake cewa ba, don ba a taɓa koya mini ba. Na ce, "Kaka, ni ce Mi-ok, 'yar Dal-su. Yana can bakin hanya, ya zo." Na ɗauki hoto. A hanyar dawowa na sare ciyawar sauran shidan sama-sama, iya abin da hannuna ya iya, don ban ga wanda zai zo musu ba.

Na tarar da Baba ya juya ya fuskanci tudu, hannuwa a gwiwa, kai a sunkuye. Baffa ma ya sunkuya, amma wajen kwazazzabo yake kallo. Na ba Baba hoton. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake kawowa.

"Kin bar gefen hagu."

"Baba, hannuna ka gani?"

"Na gani. Kin riƙe laujen kamar wuƙar kabeji." Ya mayar mini da wayar. "Amma an yi aski."

Kafin mu shiga mota na rubuta sunanmu da lambar wayata a jikin allon, da kabari na biyar.

A jirgin dawowa ya gaji ƙwarai. Ana shirin rufe ƙofa na ga yana kokawa da maɗaurin agogonsa. Na zaci ya matse shi ne, na taya shi cirewa. Sai ya ɗora mini shi a tafin hannu, a kan bandejin da na ɗaure ciwon lauje, ya haɗa da biro.

"Daga rufe ƙofa ake farawa, ba daga tashi ba. Kada ki yarda da abin da suka rubuta."

"To."

"Ki riƙa ɗaukar na safe. Lauje a cikin kaya, ba a jakar hannu ba."

"Wannan ai kai za a gaya wa."

Ya rufe ido. Na zaci ya yi barci, har mun hau kan teku, sai na ji ya yi magana ba tare da ya buɗe su ba.

"A ƙarƙashin teburin aiki akwai kwali. Ƙafa goma sha ɗaya ne, na yi su kafin in rufe shago. Ɗaya a shekara, ban da ɓarna."

"In sun ƙare fa?"

"Ki koyi manna takalmi. Hannun da ya iya lauje ba zai kasa ba."

Iska ta turo mu ta baya kamar yadda ya saba faɗa. Da aka buɗe ƙofa a Osaka na duba agogon, na juya guntun tikitinsa da nawa na rubuta awa ɗaya da minti ashirin da tara. Ya karɓa ya duba ko na yi daidai. A gida ya sa nasa a ƙarƙashin baƙar roba, ya rufe gwangwanin. Nawa kuma ya riƙe shi a hannu yana waige-waige a kicin, har ya hango wani gwangwanin shayi a kan kanta, ya zazzage ganyen a faranti, ya jefa tikitin ciki ya miƙo mini.